Kai baƙi ƙauyukan Ɗa'if: hanya, fure, girki da tsaraba

Ummu Ammar: Assalamu alaikum jama'ar gida. Surukata za ta zo umara ƙarshen Maris tare da ƙannen maigida biyu. Muna so bayan sun huta mu fitar da su daga Makka su sha iska a wajen Ɗa'if, amma ba cikin gari ba, ƙauyukan kan dutse nake nufi, Hada ko Shafa. Mu bakwai ne har da yara biyu, mota ɗaya, kuma Hajiya tana da hawan jini da ciwon gwiwa. Yini ɗaya ya isa ko sai an kwana? Me ake ci, me ake saya, ina ake zama? Masu sanin wurin ku taimaka mana.

Kawu Direba: Wa alaikumus salam 'yata. A fara da hanya tukuna. Hanyoyi biyu ne daga Makka. Ta Hada ta fi kusa, kimanin kilomita 90 zuwa Ɗa'if, amma a ciki akwai wajen kilomita 20 na hawan dutsen Kara, kwana bayan kwana. Ta Sail ta fi tsawo, sai dai hawanta a kwance yake, shi ya sa manyan motoci ke bin ta. Shawarata ku hau ta Hada da rana tsaka ko da hantsi, lokacin da ido ke ganin komai. Kafin ku bar gida maigida ya tabbatar hanyar a buɗe take, domin ana rufe ta idan an yi ruwan sama mai ƙarfi, ko hazo ya sauko, ko ana gyara.

Makka tana wajen mita 300 ne daga matakin teku, Ɗa'if kusan 1,900, Shafa ta haura 2,000. Mota mai mutum bakwai da kaya tana jin wannan hawan a jikinta. A duba ruwan lagireto, man birki da iskar taya tun da sanyin safiya. A wurin hawa in allurar zafi ta fara ɗagawa, a kashe esi, a sami wuri mai faɗi a tsaya, a bar injin yana aiki a hankali har ya huce. Kada wanda ya taɓa murfin lagireto yana da zafi, ruwan tafasasshe ne zai yi tsartuwa a fuska.

Gangarowa ta fi hawa haɗari. Mutanenmu da suka saba da shimfiɗaɗɗen titi sukan ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa. Birkin ya ɗauki zafi, man cikinsa ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta nutse babu kamu. Giya ce ke riƙe mota a gangara. Mai giyar hannu ya sa ta biyu, mai otomatik ya mayar da ita 2 ko L, birki kuma a taka a saki, a taka a saki. Da ka ji warin ƙauri, tsaya.

Abu Safwan: Yaya Ummu Ammar, kun dace da lokaci. Ƙarshen Maris tsakiyar kakar ward ce, furen nan da ake turaren Ɗa'if da shi. Yana farawa cikin Maris ya ƙare wajen ƙarshen Afrilu, 'yan makonni ne kawai a shekara. Saboda shi nake cewa ku kwana. Ana tsinkarsa ne daga bayan asuba zuwa hantsi, don da rana ta ɗaga man da ke jikin ganyen furen yana bin iska. Wanda ya taso daga Makka ƙarfe tara ya isa gona da azahar, kore kawai zai tarar da ƙaya, sai ya koma yana cewa babu abin gani.

Ku hau ranar farko, ku kwana a istiraha, wato gidan hutu na haya, washegari ƙarfe shida da rabi ta same ku a gona. Za ku ga ma'aikata da kwanduna suna bin layi, suna kama furen ta ƙasan kansa su karya da yatsa biyu, hannunsu jiƙe da raɓa. Daga nan a auna a sikeli a wuce da shi matatar, wadda suke kira ma'amal. A can akwai manyan tukwanen tagulla a jere a kan wuta. A zuba fure da ruwa, a rufe da murfi mai bututu, bututun ya ratsa ta cikin kwamin ruwan sanyi, tururin ya koma ruwa yana ɗiga cikin katuwar kwalba mai siririn wuya. Man yana taruwa ne a wuyan kwalbar, siriri kamar zare, a zuƙe shi da sirinji. Fure dubu goma ko fiye ake dafawa kafin a sami tola ɗaya, ita kuwa tola ba ta cika giram 12 ba. A 2024 UNESCO ta sa al'adun da suka shafi wannan fure cikin jerin gadon al'adun duniya. Hajiya za ta iya zama a kujera a matatar ta ga komai ba tare da ta taka ko'ina ba.

Ummu Ammar: Allah ya saka da alheri. To Hada za mu kwana ko Shafa?

Ɗan Shafa: Shafa, Anti. Ta fi tsayi, ta fi sanyi, ta fi itatuwan ar'ar, kuma gonakin a warwatse suke cikin kwaruruka, ba cunkoso. Daga Ɗa'if ƙasa da awa ɗaya ce. Dutsen Daka yana nan, mota tana kaiwa kusa da samansa. Ga Wadi Zi Gazal don zaman yini.

Kawu Direba: Ɗana, kai ƙafarka kake dubawa. Da tsohuwa mai hawan jini Hada ta fi. Tana bakin hanyar Makka, akwai gonakin fure a can ma, kuma in wani abu ya taso da dare an fi kusa da asibiti. Shafa a je ta da rana a dawo.

Ɗan Shafa: Na karɓa Kawu, wajen kwana. Amma kada su tsaya a bakin titin Hada su ɗauki hoto su ce sun ga ƙauye. Ga samarin biyu, akwai tsohuwar hanyar raƙuma da aka shimfiɗa da duwatsu a jikin Kara, wadda ayari ke bi tsakanin Makka da Ɗa'if kafin a fasa titi. A shiga da safe, takalmi sau-ciki mai ƙasan roba, ba silifa ba, ruwa lita biyu kowane mutum. Ba dole a kai ƙarshe ba. A sauka minti arba'in a juyo, domin hawowar tana cin ninkin lokacin saukar. Yara da Hajiya kuma a hau da su telefirik, keken nan mai tafiya a jikin igiyar ƙarfe, daga saman Hada zuwa Kur a gindin dutsen, ya fi kilomita 4.

Maganar zama a kwari, ku lura da sama. A wannan lokacin hadari yakan haɗu da la'asar. Ruwa na iya sauka a wani dutsen da ba ku gani, ku kuna cikin rana, sai ambaliyar ta biyo kwarin da duwatsu da itace. Kada a shimfiɗa tabarma ko a ajiye mota a tsakiyar rafi don an ga yashi ne busasshe. A zauna a tudu. In kuka ji ƙugi daga sama ko kuka ga ruwa ja ya fara silalowa, a bar kayan a hau.

Goggon Yara: Duk kun yi ta hawa da sauka ba wanda ya ce ga abin da za a sa a baki. 'Yata, abincin Ɗa'if salig ne, kuma da sanyin can ya dace. Ga na mutum bakwai. Kaji biyu, shinkafar Masar mai gajeren ƙwaya kofi huɗu, madara lita ɗaya, man shanu ludayi ɗaya, albasa biyu, hel (ƙwayar ƙamshin nan ta gahawa) ƙwaya takwas a fasa bakinsu, mastika (wani ƙaro mai ƙamshi) ƙwaya uku. Basmati ba ta yi, ita warwarewa take, salig kuwa so ake ya kama jikinsa kamar fate mai kauri.

Ki narka mastikar a ɗan man shanu, ki juya kajin a ciki, ki zuba ruwa da albasa da hel da gishiri. In sun nuna ki tsame, ki tace romon. Kofi uku na romo ga kowane kofin shinkafa, wato goma sha biyu. Ki wanke shinkafar ki jiƙa ta rabin awa, ki zuba a romon yana tafasa, ki rage wuta. Sai ƙwayar ta fashe ta yi laushi har kina murje ta da yatsa, sannan madara ta shiga, kuma da ɗuminta. Daga nan ba a barin tukunya. Ki yi ta juyawa da muciya kina kankaro gindi kamar minti goma zuwa sha biyar. Kajin a shafa musu man shanu a gasa su yi ja, a ɗora a sama, a kwarara sauran man.

Abin da ke ɓata shi uku ne. Zuba madara shinkafa ba ta gama nuna ba, sai ta tsaya da tsakuwa a ciki. Wuta mai yawa, gindi ya kama, kuma madara in ta yi ƙauri duk tukunyar ta ɗauka, ba gyara. Sai mastika in ta yi yawa, ɗaci take kawowa. Lemon tsami ko tumatir kada su shiga tukunyar, madarar tsinkewa za ta yi. Wurinsu daggus ne, a gefe: tumatir huɗu, barkono kore mai yaji biyu, tafarnuwa uku, ganyen kuzbara (koriyanda), gishiri, ruwan lemon tsami, a markaɗa ɗanye. Kuma ki tafi da yajin ƙuli a jaka. Bakin da ya saba da miyar kuka da daddawa yakan ji salig salam a lomar farko.

Maman Hafsa: Goggo, a ƙara musu da wannan. A tsayin mita 2,000 ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 93, ba 100 ba, don haka tukunya tana ɓararraka amma abinci bai nuna ba. Shinkafa da nama duk suna ƙara lokaci. Ya fi sauƙi a dafa kajin a gida, a huce romon a firji, a ɗauko a kula da ƙanƙara. Kada a zuba shi da ɗumi a rufe a but ɗin mota, kafin la'asar ya yi tsami.

Goggon Yara: Gaskiyarki. Kuma iskar can tana sandarar da shi nan da nan, a bar kofi ɗaya na madara mai zafi a gefe don sassautawa kafin a zuba a faranti.

Abu Yasir: Goggo ki yi haƙuri, ni ban ga dalilin da matar da ta zo hutawa za ta tsaya kan muciya ba. Gidajen abinci na Ɗa'if suna yin salig da mandi (shinkafa da nama) da mabshur, naman da ake niƙawa a gasa a tsinke. A saya ranar farko. Rana ta biyu maza su yi madbi, gashin kan dutse. Naman rago kilo biyu da rabi ya ishi bakwai, a yanka shi fale-fale kada ya wuce kaurin yatsa, gishiri kawai. A hura gawayi har ya yi farin toka, a jera duwatsu baƙaƙe masu sulɓi, girman dunƙulen hannu, a bar su kamar minti ashirin zuwa talatin. A yayyafa ɗigon ruwa, in ya yi tsalle ya ɓace nan take sun yi. A fara goga kitsen wutsiya, in ba haka ba naman mannewa zai yi ya yage. Kowane gefe 'yan mintuna.

Dutsen da aka tsinto daga cikin ruwa ko jiƙaƙƙen yashi kada ya kusanci wuta. Danshin da ke cikinsa yana zama tururi, ba shi da mafita, sai dutsen ya tarwatse, ɓarɓashinsa na iya samun ido. Mai laushi mai marmashewa shi ma a bar shi, ƙasa zai zuba a nama.

Goggon Yara: Na saye daban, na hannu daban, ɗana. Suruka ta taso tun daga gida, ta ci girkin surukarta a kan dutse, wannan shi za ta je tana faɗa. Amma madbin naku ban ƙi ba.

Ɗan Shafa: Yaya Abu Yasir, a faɗa musu dokar wuta. Ba a hura ta a ƙasa a ƙarƙashin itatuwa. A zo da kurfoti ko mangal mai ƙafa, da gawayin buhu na kanti. Sarar ar'ar ko ɗalh, ko ɗibar itacen wurin, laifi ne mai tara, kuma jami'an kare muhalli suna zagayawa. In an gama a kashe da ruwa, a kwashe tokar da shara. Birai kuma, manyan nan masu jan gindi, cike suke a hanyar Hada. An hana ba su abinci. Sun san leda, da sun ga yaro riƙe da ita za su fizge, kuma suna cizo. Gilashi a rufe, abinci a but.

Maman Hafsa: Game da Hajiya. Maganin hawan jininta ya kasance a jakar hannu, ta sha a kan lokacinsa. Iskar sama ba ta kai ta Makka nauyi ba, za ta iya jin haki in ta yi 'yar tafiya. Awa ta farko ta zauna, ta sha ruwa. Haki mai wucewa da hutu ba komai, amma ciwon ƙirji, jiri mai tsanani ko nauyin harshe, a kira 911 ko 997 na motar asibiti, ba a jira gari ya waye. Yara kada a cika musu ciki da mai kafin kwane-kwanen Kara, a ajiye leda kusa.

Dare a can cikin Maris yana iya sauka wajen digiri 10, a zo da rigunan sanyi, safa da bargo. Abin da na fi jin tsoro shi ne a ji sanyi a shigo da sauran garwashin gashi cikin ɗaki ko tanti a rufe ƙofa. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da kasala, mutum ya ɗauka gajiyar hanya ce ya kwanta, shi ke nan. Garwashi a waje yake kwana, ko da ya yi kamar ya mutu.

Ummu Ammar: Subhanallah, wannan ban taɓa kawo shi a rai ba. Hajiya kuma tun a waya take ambaton rumman ɗin Ɗa'if, za mu samu?

Abu Safwan: Ba na gonar ba, Yaya. Rumman sai ƙarshen bazarar nan, daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Inabi, ɓaure da barshumi ('ya'yan wani tsiro mai ƙaya) su ma 'yan lokacin zafi ne. Abin da za ku gani a bakin titi cikin Maris yawanci daga wani wuri aka kawo shi, ko da mai tallar ya ce na nan ne. Ku sayi abin da lokacinsa ya yi: ganyen na'ana'a da habak (shi ma ganyen ƙamshi ne), furen ward ɗanye, farawla (strawberry). Shayin can ma da su ake yi. A dafa baƙin shayi, a sauke, sannan a jefa na'ana'a da ganyen fure huɗu ko biyar a rufe minti biyu. In aka tafasa su tare ƙamshin guduwa yake, ɗaci ya rage. Ga masu zuwa a Yuli ko Agusta, barshumi yana da ƙananan ƙayoyi kamar gashi, a bar mai sayarwa ya fere, kuma kada yaro ya ci da yawa, 'ya'yan cikinsa suna ɗaure ciki.

Abu Yasir: Gahawa kuma kada a manta dalla, butar zuba ta. Ruwa lita ɗaya, garin gahawa mai hasken suya cokali uku, wuta kaɗan minti goma zuwa sha biyar. A sauke ya kwanta, a sa dakakken hel cokali ɗaya a cikin dallar, a tace gahawar a kansa. In mai gona ya gayyace ku, zai riƙe dalla da hagu ya miƙo finjali da dama, kuma ɗan kaɗan zai zuba, wannan girmamawa ce a wurinsu. A karɓa da dama. In an ƙoshi a ɗan girgiza finjalin kafin a mayar, in ba haka ba zai yi ta ƙarawa. A gaya wa baƙin tun a mota.

Ummu Ammar: Zuma fa? Maigida yana son ya yi musu tsarabar ta magarya.

Abu Safwan: Sidir ɗin Larabawan nan ya fi kusa da kurnarmu, duk da dai dangi ɗaya ne da magarya. Zumarsa da kaka ake ɗiba, wajen Oktoba da Nuwamba, don haka ta Maris ajiyayyiya ce, kuma ba aibi ba ne, zuma ba ta lalacewa da 'yan watanni. Ta sumra baƙa-baƙa ce mai ɗan ɗaci, daga itace dangin bagaruwa, farkon zafi ake samunta. Akwai fara mai daskarewa da ake kira majra. Daskarewa ba shaidar sukari ba ce, zumar gaske ma tana yi, musamman a sanyi. Gwajin ashana da na ɗigawa a ruwa duk ba sa rabe komai. A saya wurin mai amya ko shago mai lasisi, a ɗanɗana daga kwalbar da za a ba ku, ba daga wata ba. Sidir da aka yi masa kuɗin zumar kanti, a wuce, araha ba ta ado.

Maman Hafsa: Kuma jaririn da bai cika shekara ba, ba a ba shi zuma ko ɗigo.

Abu Abdirrahman: Jama'a sannunku da ƙoƙari. Saura abu ɗaya da baƙi ke yawan faɗawa ciki. Wanda ya je Ɗa'if ya fita bayan miƙati. Idan a cikinsu akwai mai niyyar sake umara a dawowa, ba zai wuce miƙati ba sai da harami. A hanyar Sail shi ne Ƙarnul Manazil, wato Sailul Kabir. A hanyar Hada kuma Wadi Muhrim ne, kafin a fara gangarowa. To a tafi da haramin a mota, kuma a yanke shawara tun kafin a taso. A mazhabar Malikiyya da yawancin mutanenmu ke bi, maimaita umara a shekara ɗaya makaruhi ne, wasu mazhabobin sun halatta, kowa ya tambayi malaminsa tun yana Makka. Sannan ga turaren da aka sayo. An fito daga matata, kwalba a hannu, kowa yana son ya shafa. Bayan an ɗaura niyya babu turare a jiki ko a tufa, kuma kada a haɗa kwalbar da haramin a jaka ɗaya, man ward yana ratsa yadi.

In akwai sarari ku tsaya a masallacin Abdullahi ɗan Abbas a cikin gari, a Ɗa'if ya rasu shekara ta 68 bayan hijira. Kusa da nan a Masna akwai masallacin Addas, wanda ake danganta wa bawan nan da ya kawo wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, inabi ranar da mutanen garin suka jefe shi.

Ummu Ammar: Allah ya gafarta Malam, mun gode. Tambaya ta ƙarshe, ruwan ward da zumar za su wuce a jirgi?

Abu Safwan: A babbar jaka za su shiga, ta hannu ba a barin ruwa ya wuce mililita 100 a kwalba. A naɗe bakin murfin da salatif, a sa a leda biyu, a cusa tsakiyar tufafi. Ki tambaya a matatar wanne suka ba ki. Akwai na farko mai ƙarfi da suke kira ma'ul arus, akwai na biyu mai sauƙi wanda ake ɗigawa a ruwan sha da shayi, kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Man kuma 'yar kwalbarsa ta zauna a jakar hannun Hajiya, in ta isa gida ta ajiye ta a durowa inda rana ba ta kaiwa.